Tambaya da Amsa: Kiyashi Mai Ƙaton Kai a Cikin Gida

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ƙwaro ɗaya suka taru, wato kiyashin nan ja-ja da ake ganin wasu daga cikinsa da kai kamar an ɗora musu na aro. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, masu kula da shafin ƙwari da lambu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kullum da safe sai na share yashi da ke fitowa daga tsakanin intalok ɗin tsakar gidana, kafin yamma ya dawo. Da na ɗaga guda ɗaya sai na ga kiyashi iri biyu a haɗe, ƙanana da masu manyan kai. Iri biyu ne suke zaune tare? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Iri ɗaya ne, 'yan gida ɗaya. Masana suna kiransa Pheidole megacephala, kuma tun 1793 masanin ƙwari Fabricius ya bayyana shi daga samfurin da aka samo a tsibirin Morishos. Ma'aikatansa kashi biyu ne. Ƙananan tsawonsu kamar milimita 2, su ne masu yawa, su ke fita neman abinci, su ke renon tsutsa, wato 'ya'yan kiyashin. Manyan sukan kai milimita 3 zuwa 4, kansu faffaɗa mai ɗan tsagi a baya, cike da naman da ke motsa muƙamuƙi. Aikinsu tsaron gida da fasa abin da ya fi ƙarfin ƙananan, kamar ƙwayar iri ko gawar fara. Ba su da yawa, shi ya sa sai an tona ko an ajiye abinci mai maiƙo ake ganinsu sosai.

In kana son tabbatarwa, duba abu uku da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya. Babu masu matsakaicin girma tsakanin ƙananan da manyan. Ƙugun yana da ƙullutu biyu, na bayan ya fi kumbura. A gadon baya, dab da ƙugu, akwai 'yan ƙayoyi biyu. Launi kuwa daga ruwan zuma ne zuwa ja mai duhu.

Yashin da kake sharewa ƙasar da suke haƙowa ce daga ƙarƙashin intalok. In abin ya daɗe, shimfiɗar yashin da ke riƙe da duwatsun takan zaizaye, intalok ya fara lotsawa yana rawa in an taka.

TAMBAYA: Na ga wata hanyar ƙasa siririya ta hau jikin bangon ɗakina daga tushe. Maƙwabciyata ta ce gara ce, hankalina ya tashi saboda rufina na katako ne. Daga wata uwargida.

AMSA: Malama, kafin ki kira mai feshi, karya hanyar da ɗan tsinke ki tsaya ki ga abin da zai fito. Gara fara ce ko ruwan madara, jikinta laushi, ba ta da ƙugu, kuma da haske ya taɓa ta sai ta koma ciki. Kiyashi ja ne ko mai duhu, ƙugunsa a tsuke, ƙahonninsa na shinshina a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, kuma watsewa zai yi ko'ina. Wannan kiyashin ma yakan gina rufaffiyar hanya da ƙasa da ɓarɓashin ciyawa, a jikin bango ko gindin bishiya, amma tasa sakwa-sakwa ce, da yatsa ya taɓa sai ta zube. Ta gara a dame take da yawu, ta fi tauri, sai an kankare.

In kiyashin ne, katakonki ba abincinsa ba ne. Yakan zauna a katakon da ya riga ya ruɓe ko ramin da gara ta bari, don haka in kin same shi cikin katako, ki sa a duba ko ruwa na zuba a wurin.

TAMBAYA: Na yi feshi ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na fesa sai su mutu tuli, bayan mako guda kuma su ɓullo ta wani lungu. Har tafasasshen ruwa na zuba a raminsu. Me ya sa ba sa ƙarewa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, don haka za mu ɗan ja ta.

Waɗanda kake gani a fili ma'aikata ne, ba sa haifar ma'aikata. Masu zuba ƙwai suna can ƙasa, kuma ba ɗaya ba ce. A yawancin tururuwa gida ɗaya sarauniya ɗaya, amma wannan irin yakan tara sarauniyoyi da yawa a gida guda. Bayan haka, ramukan da ke tsakar gidanka da na bayan katanga da na gidan maƙwabci ba sa faɗa da juna. Duk al'umma ɗaya ce mai rassa, ma'aikata na kai-komo tsakaninsu da abinci da tsutsa. Yaɗuwarsu ma da ƙafa ce galibi: sarauniya ta fita da tawagar ma'aikata da 'ya'ya, su yi 'yan taku kaɗan su kafa sabon rami.

To ka ga abin da feshi ke yi. Yawancin maganin gwangwani da na famfo yana kashewa nan take kuma yana kora. Ya kashe 'yan ɗaruruwan da ke sama, sauran su ƙaurace wa wurin, su kwashe ƙwai su koma inda maganin bai kai ba. Da ƙarfin maganin ya ragu, rassan da ke kewaye su sake cika gurbin. Tafasasshen ruwa shi ma iyakarsa inda ya taɓa kafin ya huce, ga shi yana dafa saiwar shuka.

Abin da ke aiki shi ne abinci mai guba mai jinkirin kisa. Ma'aikaci ya ɗauka, ya kai gida da ransa, a raba baki da baki har ya kai ga tsutsa da sarauniya. Akwai wani sirri a nan: baligin kiyashi ba ya haɗiye abu mai tauri, ruwa-ruwa kawai yake sha. Tsutsotsi ne ke narkar da abinci mai tauri, sauran su samu daga gare su. Don haka duk abin da aka kai rami sai ya ratsa tsakiyar gidan.

Nau'in da ya fi dacewa da wannan kiyashin shi ne mai kama da tsakin masara da aka jiƙa da man waken suya, domin maiƙo da nama sun fi jan shi a kan zaƙi. A jikin kwali ka nemi sunan sinadarin kamar yadda kamfanoni ke rubuta shi: hydramethylnon, wanda ke cikin maganin da ake kira Amdro, ko indoxacarb, wanda ke cikin wanda ake kira Advion, ko fipronil. Akwai kuma masu hana tsutsa girma da hana sarauniya zuba ƙwai mai rai, irin su methoprene da pyriproxyfen. Waɗannan na ƙarshe sai an yi haƙurin makonni shida zuwa takwas ko fiye, don ba sa kashe baligai, jira ake tsofaffi su mutu babu masu maye gurbinsu.

Yadda ake yi: da farko ka daina duk wani feshi na aƙalla mako guda. Sannan ka gano iyakar inda suke. Ka ɗiga niƙaƙƙiyar gyaɗa kamar ƙwayar wake a kan 'yan gutsattsarin kwali, ka jera su kowane taku biyar a kewayen gini da gindin katanga da lambu, ka dawo bayan rabin awa zuwa awa ɗaya. Duk kwalin da ya cika, yankin nasu ne. Daga nan ka zaɓi yammacin da ƙasa ta bushe kuma ba a sa ran ruwa har washegari. Ka watsa tsakin a baje a duk yankin, kada ka tara shi a bakin rami ɗaya. Ma'aunin da ake amfani da shi ga irin na hydramethylnon ɗan kaɗan ne ƙwarai, wajen kilo 2.5 a hekta guda, wato giram 25 a fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Mutane da yawa in sun ga yadda ya bazu sai su ce bai isa ba su ƙara, alhali ƙarin ɓarna ce kawai. In takardar jikin kwalinka ta faɗi wani ma'auni dabam, nata za ka bi.

Kada ka yi shara ko ban ruwa a wurin sai bayan kwana guda. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga sun ragu sosai. Bayan makonni huɗu zuwa shida ka sake jera kwalayen gyaɗar nan, domin waɗanda suke matakin kwanciya kafin su zama baligai ba sa cin komai, guba ba ta same su ba, kuma za su ƙyanƙyashe. Inda suka sake bayyana ka maimaita. Sai an daina ganinsu ne ake toshe tsagogin bango da gefen bututu da siminti ko silikon, a sake cika tsakanin intalok da yashi. In ka toshe tun farko, ka rufe hanyar da za su bi su kai gubar gida.

Wannan hanya ba ta gida kaɗai ba ce. Da irin wannan tsaki aka kawar da shi daga kusan hekta 30 a gandun Kakadu na Ostareliya a farkon shekarun 2000, kuma a 2018 aka ayyana tsibirin Lord Howe, shi ma na Ostareliya, ya rabu da shi bayan shekaru ana bi ana dubawa.

TAMBAYA: Ban samu irin wannan magani ba inda nake. Akwai wanda zan haɗa da kaina? Daga wata mai karatu.

AMSA: Akwai, Malama, da boraks, wani farin garin sinadari. Ba shi da ƙarfin na kamfani kuma ya fi jinkiri, amma yana rage su sosai a cikin ɗaki da kewayen gini in an dage.

Ma'aunin shi ne komai: kashi ɗaya cikin ɗari, ko ƙasa da haka. Na zaƙi, ki narkar da sukari cokali 10 manya a rabin litar ruwan ɗumi, ki zuba boraks ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, ki juya har ya narke tas. Ki jiƙa auduga a ciki. Na maiƙo kuwa, niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali 6 manya, wajen giram 100, da rubu'in ƙaramin cokali na boraks da aka niƙe ya yi laushi. Ki cakuɗa sosai don ba ya narkewa a mai, ki ɗan ƙara man girki in ya yi tauri. Ki ajiye duka biyun kusa da juna a ranar farko ki ga wanda suka fi so. Lokacin da suke da tsutsa da yawa sukan fi karkata ga na maiƙon, amma sukan sauya.

Ki zuba a ƙaramar roba mai murfi, ki huda ƙananan ramuka a gefenta kusa da ƙasa, ki ajiye a kan hanyarsu ko bakin tsagar da suke fitowa. Ki rubuta "guba" a jiki. Ki sabunta na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, domin in ruwan ya ƙafe ƙarfin boraks ɗin yana ƙaruwa, su kuma su guje shi. Ki ci gaba har makonni uku zuwa huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka boraks don a ga sakamako da wuri. In kin ga gawarwaki tuli a gefen robar, haɗin ya yi ƙarfi, suna mutuwa a hanya ba su kai wa kowa ba. Sai ki sirka. Kuma kwanakin farko za ki ga sun ƙaru a wurin. Ki daure ki bar su, masu dako ne.

TAMBAYA: Na sayi tsakin na watsa kamar yadda aka ce, amma ko kallonsa ba su yi ba. Jabu aka sayar mini? Daga wani mai lambu.

AMSA: Zai yiwu, amma akwai dalilai da suka fi wannan yawa. Man da ke jikin tsakin yana lalacewa. Kwalin da aka buɗe watanni da suka wuce, ko wanda ya sha zafi a kanti, yakan yi warin tsohon mai, kuma kiyashi ba ya ɗauka. Gwajin mai sauƙi ne: zuba 'yan ƙwayoyi a gefen hanyarsu, in minti 15 zuwa 30 suka wuce ba wanda ya ɗauka, maganin ya tashi aiki ko lokacin bai dace ba.

Lokaci kuma yana da tasiri. Da tsakar rana mai zafi ba sa fita, kuma hasken rana yana karya hydramethylnon da sauri, don haka abin da aka watsa da hantsi ya yi rauni kafin su fito. Raɓa da ruwan sama suna kumbura tsakin ya zama ba shi da amfani. In an ajiye kwalin kusa da kalanzir, fetur ko maganin feshi, ya ɗauki warin. Haka in an watsa da kwano ko hannun da ya taɓa waɗannan. Na ƙarshe, in akwai abin da ya fi shi daɗi a kusa, kwanon abincin kare ko kyanwa, ƙashi, kwandon shara a buɗe, za su bi wancan. A ɗauke su kwana biyu kafin a watsa.

TAMBAYA: Shukokina na cikin tukwane sun cika da wani farin abu kamar auduga, ganyen yana danƙo yana baƙi, kiyashi kuma na hawa da sauka. Su ne ke cin shukar? Daga wata mai sha'awar furanni.

AMSA: Ba su ne ke ci ba, kiwo suke yi. Farin abin ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, shi da darɓa da masu mannewa a reshe kamar ɓawo. Dukansu suna fitar da ruwa mai zaƙi, kiyashi ya sha, shi kuma ya kore musu ƙwarin da ke cinsu, har ya ɗauke su ya kai sabon reshe. Baƙin da ke kan ganye fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin, tana tare wa ganyen haske. A gonakin abarba na Hawai an daɗe da sanin cewa ba a shawo kan cutar yaushi da farin ƙwaron nan ke yaɗawa sai an fara da wannan kiyashin.

Ki yi abu biyu tare. Ki wanke ganye da ruwan sabulu mai sauƙi, kamar ƙaramin cokali biyu na sabulun ruwa a lita ɗaya, da yamma, bayan kin gwada a ganye ɗaya kin jira kwana guda. Ki maimaita duk mako har sau uku. Sannan tukunyar kanta, wadda sau da yawa ita ce gidan: ki nutsa ta a bokitin ruwa har ya rufe ƙasar na kamar rabin awa, za su fito da ƙwai a baki. Ki bar ta ta tsane, ki ɗora a kan abin da zai raba gindinta da ƙasa. Rassan da ke taɓa bango ko taga a datse su.

Ta tukunyar shuka da lodin ƙasa ko yashi ne wannan ƙwaro ya fi shiga sabon wuri. Duk tukunyar da aka kawo miki, ko kyauta ce, ki zare shukar ki duba saiwa kafin ki jera ta da sauran.

TAMBAYA: Suna da haɗari ga yara? Kuma na same su cikin soket. Daga wata uwa.

AMSA: Ba sa harbi mai zafi, cizonsu ma da ƙyar ake ji. Damuwar ita ce suna bin shara da mushe sannan su hau abinci, don haka a rufe abinci a mazubi mai murfi. Na soket ɗin ya fi buƙatar kulawa: sukan tara ƙasa a ciki, an kuma san su da gaigayar robar waya da siririn tiyon ban ruwa. Ki kashe wutar daga babban makunni, mai gyaran wuta ya buɗe ya share. Kada a fesa komai mai ruwa a ciki. Abincin gubar a ajiye shi a ƙasa kusa da wurin, cikin roba mai murfi, inda yaro da kaji da kyanwa ba za su kai ba.

TAMBAYA: Wani ya ce mini in bar su, wai suna cinye gara da kyankyaso. Gaskiya ne? Daga wani dattijo.

AMSA: Ranka ya daɗe, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Mafarauta ne na gaske, sukan kama gara da tsutsar ƙwari da ƙwansu. Amma ba za su tsare katakon gida daga garar da ke tafiya a rufe cikin bango ba, kuma ba sa zaɓe wajen kisa. Inda suka yi ƙarfi, sauran tururuwa da gizo-gizo da ƙananan ƙwari masu amfani sukan ɓace, har 'yan tsuntsaye a sheƙa ba su tsira ba. Ɗaya-ɗaya ba su da wani ƙarfi, sarkin yawa ne ya fi sarkin ƙarfi. Saboda haka ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittu 100 mafi muni wajen mamaye wuraren da ba nasu ba.

Abin da ya faru a gandun Ol Pejeta na Kenya ya isa misali. Akwai wata bishiyar ƙaya da wasu tururuwa ke zaune a jikinta, in giwa ta zo ci su cije ta a hanci ta ja da baya. Da mai ƙaton kai ya iso sai ya kashe waɗannan masu gadin, shi kuma bai damu da giwa ba. Giwaye suka rinƙa karya bishiyoyin, daji ya buɗe, zakuna suka rasa maɓoyar da suke labewa su kama jakin dawa, suka koma farautar ɓauna. An wallafa binciken a mujallar Science a 2024.

A gida dai, in 'yan kaɗan ne a can ƙarshen fili kuma ba sa shiga ɗaki, ba dole ne a tayar musu ba. In sun kai ga zaizaye intalok, shiga ɗakin girki ko kiwon ƙwari a kan shuka, to a yi maganinsu, kuma a yi magana da maƙwabta na kowane ɓangare. Gidan da ya yi shi kaɗai yakan samu sauƙin 'yan watanni ne kafin rassan da ke bayan katanga su dawo. A sa rana ɗaya kowa ya watsa nasa da yamma, har da gefen titi da kangon da ke kusa, sannan a sake jera kwalayen gyaɗa a gindin katanga duk bayan wata uku.